Ɗigo Ɗaya a Bakin Kogi

Idan aka tambayi Inna Mai Gam aikinta, ba ta kwana-kwana. "Ciyawa nake ɗinkewa a jikin takarda," in ji ta, sai ta tsaya jiran dariya, don ta san tana tafe. Shekara talatin da ɗaya ke nan ana yi mata wannan dariyar, kuma mijinta ne ya buɗe fage. Shi tela ne, yana da shago a bakin titi, kuma har gobe in ta dawo gida yatsunta duk gam sai ya ce, "To, yau wa aka yi wa awo, ƙaya ko tsintsiya?" Ita kuma ta ce, "Ni dai masu kayana ba sa dawowa su ce wuya ya matse."

Wurin aikinta wani dogon ɗaki ne a bayan ginin cibiyar binciken tsirrai, inda ake adana busassun ganye da ciyayi. Kabad-kabad na ƙarfe sun jeru layi shida, kowanne ya fi mutum tsawo, ko'ina warin kafur. Teburinta yana can ƙurya, jikin taga. Masu shiga daji sukan kawo tsiro a matse tsakanin tsofaffin jaridu, ya bushe ƙayau, tare da 'yar takardar bayani: wanda ya tsinko, yaushe, kuma a ina. Ita ce za ta shimfiɗa tsiron a kan farin kwali, ta shafa gam, ta ɗinke karan da allura da zare, ta manna takardar bayanin a ƙasa ta hannun dama, sannan ta danne da 'yan jakunkunan yashi har ya kama. Duk abin da ya kakkaɓe kuwa, ko ƙwayar iri ko ƙasar jikin saiwa, ba ta yarda a share. Sai ta tattara ta zuba a ƙaramin ambulan, ta manna a kusurwar kwalin. Ƙa'ida ta ce a ajiye iri da fure ne kawai. Ƙasar ƙarin Inna ce, don mace ce da ko tsumma ba ta iya yarwa.

Ba ta yi karatu mai zurfi ba, kuma sunayen nan masu karya harshe da masana ke laƙaba wa tsirrai ba su taɓa hana ta barci ba. Amma abin da ya bi ta hannunta ba ta mantawa. Shugabanni biyar ta gani a ɗakin, kowa ya zo da ɗaga hanci, kowa kuma ya ƙare da cewa, "Inna, don Allah ina muka sa kaza?"

Masana suna raba ciyayi gida-gida, yadda ake raba mutane dangi-dangi. Akwai gidan da iri ɗari uku ne a cikinsa, shi kaɗai ya cinye kabad biyu. Akwai kuma wani ɗan gida mai iri uku kacal a duk duniya, wanda jakar kwalayensa ba ta kai kaurin littafin ɗan firamare ba. Ma'aikatan ɗakin suna kiransa gemun dutse, saboda ɗan cunkus ne bai wuce tsawon tafin hannu ba, kuma ba ya fitowa sai a tsagar dutse. Ana gane shi da wani gashi guda mai lanƙwasa a kan kowace ƙwayar iri, da kuma zoben farin gashi daidai inda ganye ya rungumi kara. Iri ɗaya yana wasu tsaunuka a ƙetaren teku, na biyu yana tuddan maƙwabciyar ƙasa, na ukun kuma, mafi gajarta, shi ne na ƙasar nan.

A taswirar da ke rataye bayan ƙofa, wannan na ukun yana da ɗigo goma sha biyu. Goma sha ɗaya sun taru wuri guda a kan tuddan kudu. Na sha biyun yana can shi kaɗai, tafiyar yini guda daga 'yan'uwansa, a bakin kogi, cikin fadamar da ko dutsen jifan tsuntsu babu. An zagaye shi da jan biro, an yi masa alamar tambaya.

Wannan ɗigo na Baba Dogo ne. Shi ne mai tsintar tsirrai na cibiyar a zamaninsa, mutum shiru-shiru mai doguwar ƙafa, wanda ya kawo tsiro sama da dubu huɗu, kowanne da lambarsa da bayaninsa cikin rubutunsa mai kama da tafiyar tururuwa. Shekara ashirin da shida da suka wuce wani Farfesa ya zo yin bincike a kan ɗan gidan nan, ya ga kwalin Dogo, murna ta kama shi: gemun dutse a fadama! Sau biyu yana zuwa bakin kogin, yana shiga laka har gwiwa. Bai samo komai ba sai zazzaɓi. Da ya tashi daga jinya sai ya sa aka kira Dogo gaban kowa, ya ce, "Faɗi gaskiya, a ina ka samo?" Dogo ya duba takardar, ya ga rubutunsa ne, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai abin da na gani nake rubutawa." Farfesa ya ɗauki jan biro ya rubuta a 'yar takarda cewa wurin ba abin yarda ba ne, haka ma mai tsintar, aka manna a kwalin. Daga ranar aka daina tura Dogo daji. Aka mayar da shi lambu yana ba dashe ruwa, har ya yi ritaya. Masu tsokana suka sa masa suna Mai Shuka Dutse a Ruwa.

Inna Mai Gam ce ta manna wannan jar takarda da hannunta. Kuma gara a faɗa tun yanzu: ranar, gabanta ya faɗi. Wani abu ya ɗan motsa a zuciyarta, ta yi maza ta danne shi yadda take danne kwali da jakar yashi. Laifi tudu ne, ta taka nata.

Haka aka zauna har zuwan shugaba ta yanzu, wata Dakta mai saurin tafiya da saurin magana, wadda ta ɗauri aniyar fitar da littafin dukkan ciyayin ƙasar, da taswirar kowanne. Saura kwana goma sha tara a kai littafin maɗaba'a ta leƙo ƙuryar Inna da jakar gemun dutse a hannu.

"Inna, ki ɗan gyara min waɗannan, gobe za a ɗauki hotonsu. Wannan na Dogon ki bar shi, ba ya ciki."

"Ba ya ciki kamar yaya, Dakta?"

"Duk nasa na cire. Na sa a gabatarwa cewa bayanansa ba abin dogaro ba ne. Wanda ya yi ƙarya sau ɗaya, ta ina zan san inda ya tsaya?"

Ta wuce abinta, takalminta na ƙwas-ƙwas. Inna ta bi ta da ido. Tsiro dubu huɗu, aikin shekara ashirin na ƙafar mutum, za a shafe da layi guda, kuma wannan karon ba a ƙuryar kabad ba, a littafin da za a karanta bayan kowa ya mutu. Ta jawo kwalin da aka ce ta bari. Wani zare ya saki a jikinsa, ta ce bari dai ta gyara. Hannunta ya kai kan ɗan ambulan na kusurwa, ta buɗe, ta karkaɗe a tafin hannu.

Jar tsakuwa ce, mai kaifi, irin ta ruɓaɓɓen dutse. Babu mai samun irinta a fadama.

Nan take abin da ta danne ya taso gaba ɗayansa. Watanta uku da kama aiki a lokacin, yarinya ce mai tsoron tsawa. Ta jera kwalaye kusan talatin na Dogo a kan tebur, kowanne da takardarsa a ajiye a kai ba a manna ba tukuna, sai aka kawo wuta, fankar sama ta tashi da ƙarfinta. Takardu biyu suka yi sama suka sauka ƙarƙashin tebur. A lokacin Dogo ba ya rubuta lamba a jikin jaridar matsi, don haka babu abin da zai nuna mata wacce ce ta wane. Dogon yana nan a baranda, taku ashirin, yana shan shayi. Da ta fita ta tambaye shi, da an wuce wurin. Amma ta ji kunyar a ce sabuwar yarinya ba ta iya aiki ba, ta ɗaga takardun ta duba, duk ciyawa ce a idonta, ta yi canki-canka ta manna.

Ta dubi tsakuwar da ke hannunta. Kunya ta ji, irin wadda ke sa mutum ya ji zafi har cikin kunnuwansa. Sannan ta mayar da tsakuwar, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta nufi ofishin Dakta ba tare da ta ba kanta damar yin shawara ba, don ta san halin zuciya.

Dakta ta saurare ta har ƙarshe, ta cire tabarau ta murza ido. "Inna, na san kina tausayin tsohon nan."

"Ba tausayi ba ne, Dakta. Ni na yi."

"Abin da kika tuna bayan shekara talatin ba zai shiga littafi ba. Tsakuwa kuma tana iya faɗowa daga ko'ina. In da gaske musanya aka yi, to akwai ɗaya kwalin, ciyawar fadama mai ɗauke da takardar dutse. Ki kawo min shi. In ba haka ba, ranar da na sa ba za ta ɗaga ba."

"Zan kawo."

"Kwali dubu arba'in ne a ɗakin nan, Inna."

"Na sani. Fiye da rabi ni na ɗinka."

Faɗa da baki ya fi sauƙi. Ba a jera kwalaye da sunan wanda ya tsinko, da gidan tsiro ake jerawa, don haka na Dogo sun watsu a ko'ina. Kundin da yake rubuta tafiye-tafiyensa kuwa gara ta cinye shi tun shekarar da rufin sito ya yi yoyo. Ita kuma ba ta tuna kamannin ɗaya ciyawar ba. Abin da ta sani kawai, ciyawa ce, kuma ciyayi su ne layi biyu cur na ɗakin.

Da yamma ta ba mijinta labari yana gugar wata riga. Ya ajiye dutsen guga ya dube ta. "Ke da saura wata huɗu ki ajiye aiki, a yi miki walima a yaba miki? Ki bar kaza cikin gashinta mana. Wa ya tambaye ki?"

"Babu."

"To?"

"Malam, in ka yanka wa mutum yadi ba daidai ba, ya je ya kama ɗan aike ya lakaɗa masa duka, shiru za ka yi?"

"Ni ai ba na yanka ba daidai ba," ya ce, ya ci gaba da guga. Amma da safe ta tarar ya ɗinka mata matashin gwiwa guda biyu da ragowar yadi, ya ajiye a kan jakarta.

Kwana biyun farko a banza suka tafi. Tana jawo jaka tana karanta takarda ɗaya bayan ɗaya, har rubutu ya riƙa rawa a idonta, kuma ko kabad ɗaya ba ta gama ba. A rana ta uku, tana durƙushe gaban durowar ƙasa, ta ci karo da wani kwali da ya sa ta tsaki. Gam ya yi yawa har ya yi baƙi a gefen kara, ƙullin zare kuma yana sama, fuskar kwali, maimakon baya. Ta ce a ranta, wace ƙazamar ce ta yi wannan? Sai ta duba kwanan wata, ta ga ƙazamar ita ce. A watanninta na farko haka take ƙulli, kafin tsohuwar da ta gada ta doke mata hannu da abin awo ta koya mata juya allura.

Dariya ta kama ta ita kaɗai, har mai shara ya leƙo. Ashe ba sai ta karanta komai ba. Mummunan ɗinkinta kawai za ta nema. Daga nan ta riƙa bin gefen kwalaye da babban yatsa kamar mai duba ƙwai, tana jin ƙulli ta tsaya, babu ƙulli ta wuce.

Ko da hakan, aiki ne. Aikinta na kullum yana nan bai ragu ba, don haka sai ta riƙa zuwa tun kafin maigadi ya gama buɗe tagogi, lokacin cin abinci kuma ta ci a tsaye. Durowar sama sai da tsani, ita kuma gwiwoyinta sun daɗe da sallamar tsani. Ta hau duk da haka, tana hawa tana yi musu faɗa. Kafur ya sa mata tari. Ma'aikacin da ke ɗaukar hoto ya ce, "Inna, zinariya aka ɓoye ne? In kin samu a tuna da mu." Ta ce, "Laka nake nema, ɗana. In na samu zan sammaka." Kwali sittin da huɗu ta tara masu ƙulli a sama. Na Dogo ashirin da biyu ne a ciki, kuma kowanne ta buɗe ambulansa ta tarar ƙasar ta dace da takardar.

A rana ta sha uku ta kusa karaya, gaskiya. Ta zauna a matakin tsani, ƙafafunta sun kumbura, ta fara tunanin ko an ba wata cibiya kwalin kyauta, ko ƙwari sun cinye an yar. Ta ce a ranta ai ta yi iya yinta, Allah ma ya gani. Sai ta ji muryar nan ta zuciyarta ta yi mata kama da wadda ta rarrashe ta shekara ashirin da shida da suka wuce, haushi ya kama ta, ta miƙe ta jawo durowa ta gaba.

A rana ta sha shida, wajen la'asar, ta same shi a kabad na ƙarshe, cikin jakar wata ciyawar fadama da kowa ya raina. Irinta ya cika ɗakin har ba a buɗe jakarta, shi ya sa babu wanda ya taɓa lura. Ga gam ya yi baƙi, ga ƙulli uku a sama. Takardar ta ce, da rubutun tururuwa: Dutsen da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta arewa, gefen da rana ba ta bugu, cikin tsaga, sama da wata bishiya da ta fito daga dutse. Lambar tana bin ta gemun dutsen, bambancin uku. Ta buɗe ambulan. Baƙar laka ce ta bushe, da ɓarɓashin ɓawon katantanwa.

Ta kai wa Dakta kwalayen biyu, ta jera su gefe da gefe, ta zuba ƙasar kowanne a kan farar takarda. Dakta ta ɗauki madubin ƙara girma ta duƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta je bayan ƙofa ta tsaya gaban taswira, ta ɗora yatsa a wani wuri can sama, inda babu ɗigo ko ɗaya.

"Kin san abin da wannan ke nufi? Babu wanda ya taɓa samun gemun dutse a arewa da tuddan nan. In yana kan dutsen nan, to mutumin nan ba ƙarya ya yi ba, gano abu ya yi, muka binne masa." Ta juyo. "Gobe da asuba zan ɗauki mota. Sai na gani da idona."

"Da ni za a je."

"Inna, hawan dutse ne fa."

"Kwana goma sha shida ina koyo a tsani."

Sun isa wajen azahar. Tashar ta mutu, ciyawa ta rufe layin dogo, dutsen kuma yana tsaye bayanta, ja, ya fi yadda Inna ta zata. Direba ya ce shi zai tsaya gadin mota. Dakta ta yi gaba, Inna na biye da sanda da matashin gwiwarta a ɗaure, taku goma ta huta, taku goma ta huta. Bishiyar da Dogo ya ambata ta bushe, amma kututturenta yana nan a maƙale. Sama da shi, a gefen inuwa, akwai tsaga. Dakta ce ta fara kaiwa, sai ta zauna a kan dutse ta miƙo wa Inna hannu ta jawo ta.

Ga shi nan, cunkus-cunkus, ya bi tsagar har inda ido ya tsaya. Inna ta sa yatsa ta shafa. Shekara talatin da ɗaya tana sanin ciyawar nan a bushe, launin ƙasa, a kwance. Ba ta taɓa sanin cewa kore ce shar ba, kuma kan irin yana da ɗan ja-ja. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi, don hannu ɗaya na riƙe da sanda ɗaya kuma na riƙe da dutse.

A ɗakin adana tsirrai ba a ɓanɓare abin da aka manna, ko da kuskure ne. Sai dai a ƙara sabuwar takarda a sama, mai gyara ya sa hannu da kwanan wata. Washegari Dakta ta cire layin nan daga gabatarwa, ta mayar da ɗigogin Dogo taswirori, sannan ta buga takardar gyara ta kawo wa Inna: An samu musanyar takardun bayani.

Inna ta karanta ta mayar mata. "An samu? A hanya aka tsinta? Shi da aka rubuta nasa, ba a ce an samu ba."

"Inna, ina so in rufa miki asiri ne."

"Na gode, Dakta. An daɗe ana rufawa."

Aka sake bugawa yadda ta ce: Bayanin mai tsinta gaskiya ne. Mai liƙi ce ta musanya takardu, kuma ba ta faɗa ba. Ta sa hannu a ƙasa, Dakta ta sa nata. Ta shafa gam siriri, ta manna daidai saman jan rubutun Farfesa, ta danne da jakar yashi. Kwafi ɗaya ta naɗe ta sa a jaka.

Saura abu mafi wuya. Baba Dogo yana zaune wurin babbar 'yarsa, a wani gida mai ɗaki biyu a ƙarshen layin masu walda. Inna ta same shi a kujerar roba a bakin ƙofa, dogayen ƙafafunsa a miƙe, yanar ido ta rufe masa gani. Tana yin sallama ya karkato kai.

"Wannan ba yarinyar gam ba ce?"

"Ni ce, Baba."

"Ikon Allah. Har yanzu kina cika gam?"

'Yar ta kawo mata kujera, ta ƙi, ta durƙusa a ƙasa duk da gwiwoyin. Ta faɗa masa komai: fanka, takardu biyu, shi yana baranda da shayinsa, faɗuwar gabanta ranar Farfesa, da shirun da ta yi. Ba ta rage ba, ba ta kuma sa wa kanta uzuri ba. Ta gaya masa sun hau dutsen, ciyawar tana nan inda ya ce, kuma littafi zai fito da sunansa a kan ɗigo mafi nisa a taswirar ciyawar. Sannan ta ciro takardar ta karanta masa.

Tsohon ya saurara har ta gama. Ƙarar walda na ta tashi daga bakin layi. 'Yar ta tsaya a ƙofa ta harɗe hannu, tana yi wa Inna kallon da ta san ta cancanta.

"Bayan tsohuwar tasha," ya ce a hankali. "Ai kuwa. Na tuna, ranar har takalmina ya tsinke." Ya shafa gwiwarsa. "Kin san sau nawa na koma bakin kogin nan? Ni kaɗai, ranar hutu, ba wanda ya aike ni. Sau goma sha ɗaya. Ina shiga laka ina neman abin da na san ba ya fitowa a laka. Don rubutuna ne a jiki, yarinya, na gani da idona. Tun ina cewa sharri aka yi min, har na koma cewa ƙila kaina ne ya taɓu. A ƙarshe na yarda ni na yi. Har istigfari na yi a kai."

Inna ta sunkuyar da kai. Duk kwanakin nan sunansa take ƙoƙarin wankewa a idon mutane, bai taɓa zo mata ba cewa shi ma ta sa shi ya daina yarda da kansa. Ta buɗe baki ta ce, "Baba, ka yafe..." sai ya tari numfashinta.

"Na yafe, tashi, wannan ba shi ne mai wuya ba." Ya juya fuskarsa wajen ƙofa, inda yake jin numfashin 'yarsa. "Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yarda ba, uwar wannan. Ko da na ce mata ni na yi, cewa ta yi ban isa ba, ta fi ni sanina. Har muka yi kwana uku ba ma magana." Ya yi 'yar dariya. "Bara ta rasu. Da damina."

'Yar ta sauke hannunta, ta goge fuska da bakin mayafi.

Tsohon ya miƙo tafin hannu, Inna ta ɗora masa takardar. Ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya miƙa wa 'yarsa.

"Karɓi, ke ki karanta min," ya ce. "Muryarki irin tata ce. A hankali, kada ki yi sauri."